Zuwa ga Malam, a kan ɗan rawan da na kira malami

Allah ya gafarta Malam,

Bayan gaisuwa da fatan iyali da almajirai suna lafiya. Na ga wasiƙar da Malam ya aika wa jarida a kan rubutun da na yi game da Juan Carlos Copes, mutumin Ajantina, wanda na kira "malamin rawar tango". Malam ya tambaye ni a bainar jama'a cewa tun yaushe ɗan rawa ya zama malami, wa ya karantar da shi, me ya karanta, kuma me yake karantarwa. Tunda a kasuwa aka yi tambayar, a kasuwa ya kamata a ji amsarta.

Akwai hanyar zillewa mai sauƙi, kuma na yi niyyar bin ta da farko. Sai in ce Hausawa sun riga ni, domin tun ina yaro nake jin malamin gona da malamin daji da malamin asibiti, ban kuma taɓa jin an nemi ɗayansu ya kawo Ishriniya da ka ba. Amma wannan wayo ne, ba amsa ba. Ainihin tambayoyin Malam uku ne, kuma kowace tana da amsa a rayuwar mutumin. Abu ɗaya zan share tun yanzu: ban kira kowa zuwa ga wannan rawa ba. Namiji da mace ne a rungume, ƙirji da ƙirji, kuma hukuncin wannan Malam ya fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Maganata a kan sana'a ce da yadda ake gadonta a wajen masu ita.

Wa ya karantar da shi? An haifi Copes ranar 31 ga Mayu, 1931, a wata unguwa ta Buenos Aires, babban birnin Ajantina, mai suna Mataderos, wato Mayanka, don a da nan ake yanka shanun birnin. Ya tashi a lokacin da tango ke tashenta, tsakanin 1935 da 1955, lokacin da makaɗa irin su Aníbal Troilo da Juan D'Arienzo da Osvaldo Pugliese ke cika zauruka kowane ƙarshen mako, har kulob-kulob na ƙwallon ƙafa suna share filinsu a yi rawa. A wancan zamani saurayi ba ya tashi haka kawai ya je ya nemi mace ta yi rawa da shi. Akwai wurin koyo na maza zalla da suke kira práctica. Yaro zai fara zuwa ya zauna gefe yana kallo. In manya sun ga da gaske yake, sai ɗayansu ya jawo shi, amma a matsayin mace za a tsayar da shi: shi ake ja, shi ake juyawa, shi ke tafiya da baya. Sai ya yi watanni a haka, jikinsa ya san yadda jagora mai kyau yake da yadda maras kyau ke takura mutum, kafin a yarda ya ja wani sabon yaro. Sai kuma ya ƙware a jan sannan wani babba ya kai shi taron rawa na gaske, wanda suke kira milonga. Malam ya san yadda mawaƙanmu na gargajiya ke daɗewa a 'yan amshi kafin su buɗe baki su yi jagora. To, kusan haka ne. Babu allo, babu takardar shaida, amma akwai na gaba, akwai na baya, kuma ba a tsallake layi.

Tushen abin ma ya girmi waɗannan zauruka. A ƙarshen ƙarni na 18 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Buenos Aires baƙar fata ne, bayin da aka kwaso daga Afirka da 'ya'yansu, kuma kiɗan gangunansu da ake kira candombe yana cikin abubuwan da suka haifi tango. Ɗaya daga cikin tsofaffin mawallafan kiɗan, Rosendo Mendizábal, jikan waɗannan mutane ne. Daga baya jiragen ruwa suka yi ta sauke talakawan Italiya da Sifaniya, har ya zama a 1914 kusan rabin mazauna birnin ba a ƙasar aka haife su ba. Suka cunkushe a gidajen haya masu tsakar gida ɗaya, maza sun fi mata yawa. Daga Jamus kuma aka kawo bandoneón, wani akwatin kiɗa mai zugazugi kamar na maƙera, wanda in aka ja shi sai ka ce mutum ne ke ajiyar zuciya.

Me ya karanta? A nan zan ba Malam labarin abin da idona ya gani, tunda gani ya kori ji. Aiki ya taɓa kai ni Buenos Aires, wani abokin aiki ya ja ni wani zaure a saman bene da yamma, kafin a buɗe wa jama'a. Wani tsoho ne ke koyarwa, gajere, da takalmi baƙi mai sheƙi, ɗalibansa ba su kai ashirin ba. Na zauna a kujerar bakin ƙofa ina jiran in ga an fara wurgi da ƙafa irin na talabijin. Awa guda cur, Malam, tafiya kawai suka yi. Daga wannan bango zuwa wancan, a dawo. Tsohon yana bin su yana kallon ƙasa. Ya tsayar da wani dogon Bature, ya sa yatsa biyu a tsakiyar ƙirjinsa ya ɗan tura, Baturen ya yi tangal-tangal. Abokina ya fassara mini abin da ya ce masa: nauyinka yana kan ƙafa biyu, abokiyar rawarka kuma ba za ta san wacce za ka ɗaga ba. Ashe duk sirrin nan ne. Namiji ba ya magana, ba ya kuma fizgar mace da hannu. Da ƙirji yake sanar da ita inda za a nufa, ita kuma ta karanta, ta amsa, wani lokaci ta jinkirta amsar da gangan don ta ƙawata takunta, shi kuma dole ya jira. Ba haddace taku ake yi ba, a take ake ƙirƙira, bisa abin da kiɗa ya ce da kuma ɗan filin da ya rage a gabanka.

Da dare ya yi na ga sauran ladubban. Ba a tasowa a tsaya a kan mace a ce ta zo. Daga nesa ake haɗa ido, namiji ya ɗan sunkuyar da kai, in ta yarda ta mayar, in ba ta so ta kau da kai, ba wanda ya ji kunya. Suna kiran wannan cabeceo. Kiɗa uku ko huɗu ake sakawa a jere, sannan a katse da wani ɗan kiɗa daban, kowa ya raka abokiyar rawarsa kujerarta. Duk zauren gefe ɗaya yake juyawa, akasin tafiyar hannun agogo, kuma wanda ya bangaji na gabansa ya jawo wa kansa harara har ƙarshen dare. Ni dai shayina na sha, ban tashi ba.

Wannan shi ne karatun da Copes ya yi a zauruka irin na kulob ɗin Atlanta da ke Buenos Aires. Abin da ya bambanta shi da sauran gwanayen unguwa shi ne abin da ya yi lokacin da kasuwar ta watse. A 1955 sojoji suka hamɓarar da shugaban ƙasar, Juan Perón. Taron dare ya zama abin tuhuma, kiɗan samarin Amurka ya shigo ya kwashe matasa, manyan ƙungiyoyin makaɗa suka rage mutane, zauruka suka yi ta rufewa. Gwanaye da yawa suka rataye takalmi suka koma sana'o'insu na rana. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, shi kuwa Copes sai ya ɗauke rawar daga tsakar zaure ya ɗora ta a kan dandamali. Aiki ne ba ƙarami ba, domin rawar da aka gina don mutum biyu su ji a jikinsu ba ta ganuwa daga kujerar baya. Sai da ya faɗaɗa takun, ya tsara 'yan rawa da yawa su motsa tare, ya sa rawar ta riƙa ba da labari, har ya kai ga yin ta a kan teburi. A 1959 ya yi yawon wasa tare da shahararren makaɗin tango Astor Piazzolla har zuwa Puerto Rico. A farkon shekarun 1960 ya fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka. Tsofaffin gwanaye na gida wasunsu suka ce ya ɓata rawa, ya mai da ita wasan tsalle-tsalle. Ni ma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan, don abin da na gani a saman benen nan ya fi kama zuciyata. Sai dai ba don dandamalin ba, da wuya a samu wanda zai hau benen.

Hujjata ita ce abin da ya faru a Nuwamban 1983. Wasu mutum biyu, Claudio Segovia da Héctor Orezzoli, suka tattara tsofaffin makaɗa da 'yan rawa suka kai su gidan wasa na Châtelet a birnin Paris, da wani wasa mai suna Tango Argentino. Copes na cikin jagororinsa. Ba samari masu siririn ƙugu aka kai ba. Har da wani ƙato mai tumbi da ake wa laƙabi da Virulazo, wanda in ya taka sai ka rantse ba ya taɓa ƙasa. Wasan ya karɓu, a 1985 ya isa Broadway, unguwar manyan gidajen wasa a New York, daga nan mutane a Turai da Amurka da Japan suka fara neman wanda zai koya musu. Neman ya koma har gida, aka shiga zaƙulo tsofaffin da suka daina rawa shekara talatin.

Me yake karantarwa, kuma su wa? Cikin waɗanda suka ɗauki darasi a hannunsa akwai fitattun 'yan wasan Amurka irin su Robert Duvall da Liza Minnelli, amma waɗannan ado ne kawai. Ɗalibansa na ainihi su ne 'yan rawan dandamali da suka biyo baya, ciki har da 'yarsa Johana, wadda ta zama abokiyar rawarsa a ƙarshe. Tun 2003 ake gasar duniya ta tango a Buenos Aires duk shekara, kuma gida biyu aka raba ta: rawar zaure da rawar dandamali. Gida na biyun nan, Copes na cikin waɗanda suka aza harsashinsa. A 2009 wasu ma'aurata 'yan Japan suka cinye gasar rawar zaure a gaban masu abin, kuma a shekarar ce UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tango cikin al'adun duniya da ake karewa, da sunan Ajantina da Yurugai tare. Mutumin ya rasu ranar 16 ga Janairu, 2021, yana da shekara 89, bayan ya kamu da cutar korona. 'Yan ƙasarsa maestro suke ce masa, kalmar da suke kiran malamin firamare da ita. Ita na fassara. In Malam ya fi son "gwani" ba zan ja ba, sai dai gwani yana iya mutuwa da abinsa a ciki, wannan kuwa ya bar masu yi.

Yanzu bari in faɗi laifin da Malam bai kama ni da shi ba, alhali shi ne na gaske. A rubutun nan layi ɗaya na ba María Nieves, na ce "abokiyar rawarsa". Da na sake karantawa don in amsa wa Malam sai kunya ta kama ni.

An haife ta a 1934, 'yar baƙin haure daga yankin Galisiya na Sifaniya, talakawa tilis. Tun tana yarinya ta shiga aikatau a gidajen masu hali. Yayarta ce ta fara kai ta wajen rawa, tana zaune gefe tana kallo. Ta haɗu da Copes tana da shekara 14, shi yana da 17, kuma ita da bakinta ta sha faɗa cewa a lokacin bai iya rawa ba. Suka yi kusan shekara hamsin suna rawa tare. Duk inda na lissafa a sama, teburin nan, talabijin ɗin Amurka, Paris, Broadway, da ita aka yi, a kan takalmi mai tsini, yawanci tana tafiya da baya ba ta ganin inda za ta sa ƙafa. Sun yi aure a birnin Las Vegas na Amurka a shekarun 1960, auren ya mutu a farkon shekarun 1970, ya auri wata ya haihu, ita ba ta haihu ba. Duk da haka suka ci gaba da hawa dandamali fiye da shekara ashirin, su rungumi juna a gaban dubban mutane, a sauke labule kowa ya kama gabansa. Wajen 1997 ya sallame ta daga rawar ma, tana da shekara sittin da 'yan kai. Salon da suka gina su biyu, sunansa shi kaɗai aka liƙa masa. Ba zan ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba, don shi ma ya sha nasa bugun, amma karin maganar ta zo mini a rai.

Ba ta zauna ba. Ta koma dandamali da samarin da ta yi jika da su, ta fito a wasan Tanguera a 2002, ta riƙa koyar da 'yan mata yadda ake tsayuwa da yadda ake jira ba tare da an zama kaya a hannun namiji ba. A 2015 wani mai shirya fim, German Kral, ya zaunar da su biyun, kowa daban, dukansu sun haura tamanin, suka ba da labarinsu. Ita ce ta fi yin magana, kuma ba ta rufa masa asiri ba.

Saboda haka na riga na sanar da editanmu cewa rubutuna na gaba a kanta zai kasance, kuma ina sanar da Malam tun yanzu cewa "malama" zan kira ta. In Malam zai sake ɗaukar alƙalami, ina roƙon a aiko kafin Laraba, don ranar ake rufe shafin wasiƙu.

A gaida mini Hajiya da yara.

Wassalam,
Ɗalibinka.