A daina yanke wa wasa hukunci daga zama ɗaya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu sha'awar wasannin allo na zamani, irin su Catan da Ticket to Ride da Pandemic, saboda akwai wata ɗabi'a da ta fara yawa a tsakaninmu kuma ni dai ba ta yi min ba. Mutum ya zauna ya buga wasa sau ɗaya tak, a ci shi, kafin ma a gama mayar da kati cikin kwali har ya yanke hukunci wai wasan nan shirme ne, sa'a ce kawai.

Catan ne ya fi shan wannan ƙazafin. Klaus Teuber, wani Bajamushe da asalin sana'arsa haɗa haƙoran roba, shi ya fitar da shi a 1995 kuma a shekarar ya ci kyautar Spiel des Jahres da ake ba wasan da ya fi fice a Jamus. Eh akwai dayis a ciki, babu mai musu, amma ai dayis biyu ne kuma lissafinsu a fili yake, cikin hanyoyi 36 da za su iya faɗuwa 6 da 8 kowanne yana da hanya biyar, 2 da 12 kuwa hanya ɗaya-ɗaya. To kai ka je ka kafa gidanka na farko a jikin gonaki masu lamba 2 da 11, alhali gona ba ta ba da amfani sai dayis ya fito da lambarta, don kawai kalar gonar ta burge ka, sannan ka zauna kana kallon wani yana kwasar alkama da tubali kana cewa ba ka da sa'a? Haba malam. Ga kuma 7 da ta fi kowace lamba fitowa, wadda in ta fito duk mai kati sama da bakwai a hannu sai ya zubar da rabi, amma za ka ga mutum ya rungume kati tara yana jiran ya gina birni, 7 ta fito, ya hau fushi da wasan. Wanda ya buga sau uku ko huɗu ya san da an ga kati ya taru sai a nemi musaya ko da za a ɗan kware ka.

Sannan mutane ba sa faɗin su nawa suka buga, alhali shi ne rabin labarin. Ticket to Ride na Alan Moon da ya fito a 2004, wasan haɗa birane da layin dogo a taswirar Amurka, in ku biyu ne ko uku doka ta ce inda layin dogo ya zo biyu a jere ɗaya kawai za a yi amfani da shi, in ku huɗu ne ko biyar duka biyun a buɗe suke amma taswirar Amurkan nan ta cika maƙil kowa na tare wa kowa hanya. Wanda ya ce wasan lami ne da wanda ya ce tashin hankali ne duk suna iya zama masu gaskiya, teburin ne daban.

Pandemic kuma matsalarsa mutane ce. A 2008 ya fito, Matt Leacock ya tsara shi yadda duk 'yan wasa ɓangare ɗaya suke, ana haɗa kai a samo maganin cututtuka huɗu kafin su mamaye duniya, ko a ci tare ko a faɗi tare. Sai dai kusan kowane rukuni akwai oga ɗin nan da ya fi kowa sani, kafin ka taɓa katinka ya riga ya ce kai tafi birni kaza, ke ba shi wannan, sauran sun koma 'yan kallo. Wanda ya fara da irin wannan zaman dole ya ce wasan ba daɗi, kuma laifin ba na kwalin ba ne.

Akwai kuma masu ɗauko ra'ayi daga BoardGameGeek, shafin da ake ba wasanni maki daga 1 zuwa 10 tun da aka buɗe shi a 2000. Shafi ne mai amfani wallahi, amma yawancin masu zaɓe a can gwanaye ne masu son wasa mai nauyi, shi ya sa irin su Brass: Birmingham da Gloomhaven ke zama a sama. Ka ɗauko irin wannan ka ajiye wa wanda iyakarsa Ludo da Monopoly, ka yi minti arba'in kana karanta masa doka, ai ka kore shi kenan.

Roƙona kawai, in za ka ba aboki ra'ayi ka gaya masa sau nawa ka buga, ku nawa ne, wa ya koya maka, kuma ci ka yi ko cinye ka aka yi. Wannan na ƙarshen fa shi ne ba a son faɗa.

Na gode,
Wani mai bibiyar jaridarku