Zuwa ga Malamin da ya ce hassadar Jackie Robinson nake yi

Malam,

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a: wai daga ina na tono wani Moses Fleetwood Walker, kuma ko hassadar Jackie Robinson, wanda ake ɗauka shi ne baƙar fata na farko a babbar gasar besbol ta Amurka, ita ce ta sa na ce Walker ya riga shi shiga. Ka ƙara da cewa me Bahaushe ya sani game da besbol. Wannan na bar maka ita, ai kai ma ba a Ohio aka yanke maka cibiya ba.

Zancen hassadar ne ya ƙona mini rai. Ranar 1 ga Mayu 1884 Walker, baƙar fata, ya fara buga wa ƙungiyar Toledo ta jihar Ohio wasa a gasar American Association, wadda babbar gasa ce a lokacin. Wasa 42 ya buga a kakar. Robinson sai 1947, shekara 63 ke nan tsakani. Ni na shirya kalandar?

Aikin Walker tsugunawa bayan mai bugu yana cafke ƙwallo, a zamanin da babu safar hannu mai kauri, ƙwallon na sauka kusan a kan tsurar tafi. Tony Mullane, mai jifan ƙungiyarsu, daga baya ya faɗa da bakinsa cewa Walker ne gwanin cafke ƙwallo da ya fi duk wanda ya taɓa aiki da shi, amma don ƙin baƙar fata ba ya kallon alamar da yake yi masa, sai ya wurgo abin da ya ga dama. Abokin wasansa fa ke nan. Cap Anson, kyaftin ɗin ƙungiyar Chicago, kuwa tun 1883 ya ce ba zai shiga fili da shi ba, sai da ya ji zai yi asarar kuɗin ƙofa ya haƙura. A 1887 gasar International League ta hana ɗaukar sababbin 'yan wasa baƙaƙe, Walker ya yi ta lallaɓawa har 1889 a Syracuse.

To ina rage darajar Robinson a nan? Ƙofar da ya ɓalle, mutane ne masu suna suka rufe ta da gangan, kuma sunayensu na kawo.

Abin da ke damuna da irinku, ranka ya daɗe, ba neman sani ke sa ku tambaya ba, neman 'yan kallo ne. Da sani kake nema, da ka aiko mini a keɓe, lambata tana wurinka.

Wassalam.