Hanyar Tawa zuwa Arlit: a kafa sikeli kafin a zuba kwalta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na saurari shirinku na makon jiya kan hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, inda masu kira suka yi ta kuka da ramuka da gargada. Kukansu gaskiya ne. Sai dai akwai gefen da ban ji kowa ya taɓo ba, kuma da yake na ci tuwo da hanyar nan shekara talatin da ɗoriya a bayan sitiyarin kamiyo, ban ga dalilin yin shiru ba. Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa mata.

Matasa da yawa ba su san dalilin da ya sa aka yi ta ba. An shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seini Kunce, lokacin da uranium ke da daraja a kasuwar duniya. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da shi a Arlit a 1971, Cominak ya biyo baya a 1978, sai aka buƙaci hanyar da za ta kai shi bakin teku, ta kuma shigo da gazuwal da kayan aikin haƙa. Daga Arlit ta gangaro Agadas, ta ratsa Abalak da Tabalak ta shigo Tawa, wajen kilomita 650. A wancan zamanin, daga nan motoci su bi ta Badagishiri su faɗa babbar hanya ta ɗaya a Tsernawa, su wuce Konni da Dogon Dutsi da Doso, su karya kudu zuwa Gaya, su haye gada su shiga ƙasar Benin, sai tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Sunanta hanyar uranium, amma talaka ne ya fi morar ta: hatsin da ke tafiya arewa, raƙuma da tumakin Abalak, kifin tabkin Tabalak, albasa da dankalin lambunan Ayar, gishirin Bilma.

Na bi ta tana sabuwa. Yaron motata kan ɗora kofin shayi a gabana, mu yi tafiya mai nisa ko ɗigo bai zube ba. Mu bar Tawa bayan asuba, mu yi azahar a Agadas. Daga baya kuwa na ga lokacin da tsakanin Agadas da Arlit direba ke sauka daga kwalta ya bi rairayin gefe, don rairayin ya fi ta sauƙi ga sifirin.

To, wa ya kashe ta? Mu ne, Malam Edita. Ba mu kaɗai ba, amma da hannunmu dumu-dumu. Na sha ƙara wa bodi tsawo da katako, in jibga buhuna har motar ta riƙa tafiya kamar tsohuwa mai ciwon baya, fasinja kuma a zaune bisa lodi. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai lamba 14, ta shekarar 2005, ta ce layin tayoyi ɗaya na baya kada ya ɗauki fiye da tan 11 da rabi zuwa 12, tirela mai layi shida kuma kada ta wuce tan 51 ita da kayanta. Wani injiniya da na taɓa ɗauka daga Abalak ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce ɓarnar nauyi ba ta tafiya daidai da nauyin: in ka ninka lodin layi ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake wa hanya takan ninku wajen sau 16. Wato kamiyo guda da ya yi lodin ganganci ya fi ƙananan motoci dubbai cin kwalta. Na ji shi, na gyaɗa kai, washegari na sake cika motata. Allah ya yafe mana.

Nauyi ke tsaga kwalta, ruwa kuma ya ƙarasa aikin. Tsagar da ko yatsa ba ta shiga, damina ɗaya ta ishe ta. Ruwa ya sulale ƙasa ya jiƙa jar ƙasar da aka daddaɓe, taya ta taka, wurin ya lotsa, kafin kaka ya zama rami mai faɗin faifai, baɗi kuma ya haɗiye taya. Ga koramun Adar da ba su da wasa. Kori ya kwana a bushe, da hantsi ya taho da itace da yashi ya toshe kwalbati, ruwan ya rasa mafita sai ya ci gindin hanya. A da mukan tarar da ma'aikatan hanya da shebur da garwar kwalta suna yashe kwalbatoci tun kafin ruwan farko. Aiki ne mara armashi, ba a yanka masa ƙyalle, ba a kiran ƴan jarida, shi ya sa aka raina shi.

Kuɗi kam an sha ambatonsu. A yarjejeniyar da gwamnati ta yi da Areva, kamfanin Faransa mai haƙar uranium, a 2014 an ware euro miliyan 90, wajen sefa biliyan 59, don gyaran wannan hanya. Mu Adarawa ma mun ga yadda titunan cikin gari suka canza da bikin Tawa Sakola na 2017, mun kuma gode. Amma ko nawa aka zuba, in aka sake sakar mata lodin da muka saba, ɗinki ne a kan tsumma.

Kwanan baya a tasha na yi wa wani yaro faɗa, ɗan abokina ne, na ga ya ɗora siminti har tayoyin baya sun baje. Ya ce, "Baba, in ban cika ta ba mi za ni ci? Gazuwal ya hau, kowane shinge sai na miƙa hannu, mai mota kuma jiran balas yake." Ban sami amsa ba, don ni ma abin da nake faɗa ke nan a zamanina. Shi ya sa tarar direba kaɗai ba za ta yi magani ba. A auna mota tun inda aka yi mata lodi, a ci tarar mai kaya da mai mota tare, abin da ya haura kuma a sauke shi nan take. In tara ce kawai, ɗan kasuwa zai lissafa ta cikin kuɗin buhu ya wuce abinsa. Sikelin kuma ya yi aiki dare da rana, don wanda ake rufewa da magariba kowa ya san lokacin da zai bi ta gabansa.

Tikitin peyaj da muke yanka ma, da za a riƙa liƙa allo a bakin shingen ana nuna abin da aka tara da ramukan da aka cike da shi, da mai biya ya biya da daɗin rai.

Roƙona gare ku, ku sake shirin, amma wannan karon ku zaunar da shugabannin direbobi da manyan masu kaya da injiniyan hanya a tebur ɗaya, ku tambaye su tan nawa motar ƙarshe da suka sallama ta ɗauka. Kada dai ku sa shi ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa ce, waɗanda ya kamata su ji ba sa kusa da rediyo.

Na gode. Wassalam.

Tsohon direban kamiyo,
Tawa