Kafin a ɗora yara kan tsohon babur ɗin ruwa

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana kan wani aiki da na ga iyaye sun fara sha'awa, wato ɗaukar tsohon babur ɗin ruwa, irin wanda kamfanin Kawasaki suke kira Jet Ski, a cire injinsa a mayar da shi ɗan jirgin lantarki na yara. Ni kaina na yi wa yarana guda ɗaya kuma wallahi ban yi nadama ba, amma akwai abin da ke damuna.

Aikin yana da kyau ba shakka. Tsofaffin injinan nan masu cin fetur gauraye da man inji ga hayaƙi ga ƙara, ga mai da suke zubarwa a ruwa, ita kuma gangar jikin ta faiba ce ba ta tsatsa, in an yar da ita haka za ta yi shekaru a yashe. Da ka cire inji da tankin mai da salansa sai ka ɗaura ƙaramin motan lantarki mai bolt 12 irin na masu kamun kifi, kamar na kamfanin Minn Kota, ka haɗa shi da kebur ɗin sitiyarin da ke jiki. Gudunsa bai wuce saurin tafiyar mutum ba sosai, to nan ne fa mutane ke sakin jiki, wai tunda ba ya gudu ai babu hatsari.

Akwai shi kuwa. Babur ɗin na asali farfelarsa a ɓoye take cikin famfon da ke tura ruwa baya, ƙafa ba ta kai mata, amma wannan motan da muke ɗaurawa farfelarsa a waje take tsirara, daidai bayan jirgi, daidai inda yaro ke kamawa in zai hau daga cikin ruwa. Ranar da na ga 'yata ta sulale ta baya tana wasa da ƙafa a ruwa yayanta kuma hannunsa na kan makunni, sai da gabana ya faɗi, a daren nan na zauna na yi wa farfelar keji na ƙarfe, na kuma sa igiyar nan da ake ɗaurawa a hannun mai tuƙi wadda da ya faɗo sai wuta ta yanke. Duk wanda bai yi waɗannan biyun ba bai gama aiki ba, ko da fentin ya kai me kyau.

Sai batir. A sa shi cikin akwatinsa a ɗaure tam, a ƙasa can tsakiya inda inji yake a da, domin da nauyin inji ya fita jirgin sai ya taso sama ya riƙa tangaɗi. A sa fiyus kusa da kan batir ɗin, batir irin wannan in wayoyinsa suka haɗu jan wuta suke yi nan take, yaro kuma a kansa yake zaune.

Ramuka ma a bi su ɗaya bayan ɗaya a toshe da faiba. Ni na manta na salansa, gwajin farko ina ɗaga kujera sai ga ruwa ya kusa taɓa kan batir, Allah ya taimaka buhun yashi na ɗora ba yaro ba. Shi yasa nake roƙon duk mai wannan aiki ya fara gwadawa da yashi daidai nauyin yaran, a ruwan da bai wuce ƙugu ba, ya bar shi kamar awa guda ya leƙa ciki.

Rigar kariya daga nutsewa kuma daidai jikin yaro, ba ta babansa ba da za ta zame ta kai, kuma babba ya tsaya kusa idonsa a kansu, ba kan waya ba.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani uba mai karanta jaridarku