Zuwa ga Kwamishinan Ilimi Mai Zurfi na Jihar Kano: a adana bayanan bincike, a buɗe wa 'yan kasuwa laburare

Assalamu alaikum, Mai girma Kwamishina. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a matsayina na wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin karatu, a kan wata asara da muke tafkawa duk shekara ba tare da an kula ba.

Ranka ya daɗe, duk zangon ƙarshe ɗalibanmu na sashen kasuwanci, da tattalin arziki, da aikin gona, suna bazuwa cikin kasuwannin garin nan da takardun tambayoyi a hannu. Za ka same su a Dawanau suna tambayar farashin masara da riɗi, a Kantin Kwari suna tambayar inda atamfa da shadda ke fitowa, a Singa suna bin diddigin kayan masarufi, wasu kuma a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa. Ɗan kasuwa ya bar cinikinsa ya amsa musu. Yaro ya koma ya zuba amsoshin a kwamfuta, ya fitar da jadawali biyu ko uku, a ɗinke kundi, a ba shi maki. Daga nan fa? Kundin ya hau kanta ya sha ƙura. Ainihin alƙaluman suna cikin filash ɗin da zai ɓata ko kwamfutar da za a sayar kafin ya tafi bautar ƙasa. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗo mini shi a takardar tambayoyin wani ɗalibi, an cike ta tsaf da biro, har da sunan layin da mai shagon yake. Badi wani ɗalibin zai koma wa mutumin nan da tambayoyi iri ɗaya, shi ya sa 'yan kasuwa da yawa suka gaji, wasu ma da ganin takarda sai su ɗauka 'yan haraji ne.

Da a ce tun kafuwar jami'ar Wudil a 2001, da ta Northwest a 2012, ana tara irin waɗannan alƙaluma wuri guda, da yau muna da tarihin farashin hatsi na shekaru masu yawa, wata bi wata, daga kaka zuwa bazara. Mai son ya sayi kaya ya ajiye zai duba ya ga yadda kasuwa ta saba tafiya. Gwamnati ma da ta samu abin dogaro kafin ta yanke shawarar buɗe rumbu ko raba taki.

Adana bayanan bincike aiki ne na ma'aikacin laburare, kuma ba tara fayil barkatai ba ne. Ana karɓar alƙaluman yadda aka tattaro su, da takardar tambayoyin da aka yi amfani da ita, da ɗan bayani da ke faɗin yaushe aka je, wace kasuwa, mutum nawa aka tambaya, da wane ma'auni. Wannan na ƙarshen shi ɗalibai suka fi mantawa. Idan ka rubuta farashin buhun gero ba ka faɗi kwano nawa ne a buhun ba, kuma ba ka ce farashin sari ne ko na awo ba, to bayan shekara biyar babu wanda zai iya kwatanta lambarka da ta wani. Sai kuma a cire sunaye da lambobin wayar waɗanda suka ba da amsa kafin a buɗe wa jama'a. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta kiyaye sirrinsu, amana ma ta wajabta. Manhajar ajiya irin su DSpace kyauta ce, jami'o'i da yawa a Afirka da ita suke aiki. Abin da ke cin kuɗi shi ne kwamfutar ajiya, da wutar sola, da intanet mai ɗorewa, da mutumin da aka horar kuma aka bar shi a kan aikin.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne yadda ƙofar ɗakunan karatun manyan makarantu ke rufe ga ɗan kasuwa. Ba da kwaɗo aka rufe ta ba. Shi dai bai san akwai abin da zai amfane shi a ciki ba, mu kuma ba mu je mun faɗa masa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin DDVP da aka samu a cikinsa, irin wanda ke cikin fiya-fiya. Ƙa'idar da aka karya a rubuce take, kowa na iya karantawa a intanet, amma da Turancin lauyoyi da masana sinadarai. Mai zuba magani a sito a Dawanau wa ya taɓa zama ya warware masa ita da Hausa? Yanzu ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, wadda aka buɗe a farkon 2023, ga matasa masu son fitar da zoɓo da riɗi da citta da fata. Suna buƙatar sanin yadda ake rajista da Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, da takardun Hukumar NEPC mai bunƙasa fitar da kaya waje, da sharuɗɗan NAFDAC, da abin da ƙasar da za a kai wa kaya ta yarda da shi. Mafi yawansu a bakin dillali suke jin wannan, dillali kuwa yana faɗin abin da zai bar masa la'adarsa.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta sa kowace makarantar da ke ƙarƙashinta ta ware teburin bayanan kasuwanci a laburarenta, da ma'aikaci mai jin Hausa sosai, wanda ɗan kasuwa zai zo wurinsa ko ya tura masa saƙon murya ta WhatsApp ba tare da an ce sai ya nuna katin ɗalibi ba. Tunda Wudil akwai nisa ga mutumin Kwari, a yi magana da Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jiha a samu kusurwa a Laburaren Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello, ma'aikatan makarantun su riƙa zama bi da bi. Rahoton farashi da na hauhawar kaya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata, a taƙaita shi da Hausa, a kai gidajen rediyo. Kano ba ta rasa masu saurare.

Na san za a ce ina kuɗi. Asusun TETFund yana ware wa manyan makarantun gwamnati, har da na jihohi, kaso na bunƙasa laburare. Littafi yana da muhimmanci, ban raina shi ba, amma a nemi a riƙa sa kayan ajiyar bayanai da horar da ma'aikata cikin abin da ake nema. Kuma ba sai kowace makaranta ta kafa nata ba. Rumbun ajiyar bayanai ɗaya ya ishi Wudil da Northwest da Foliteknik da Sa'adatu Rimi, a haɗa shi da Hukumar Ƙididdiga ta Jiha. Jami'ar Bayero ta tarayya ce, ba ta ƙarƙashinka, amma tana da sashen koyar da ilimin laburare da ya yaye mafi yawanmu, ga kuma makarantar kasuwanci ta Dangote a cikinta. Idan ka miƙa musu hannu, ban yi zaton za su ƙi ba.

Akwai matakin da ba ya buƙatar ko sisi, kuma shi nake fatan a fara da shi. Ka gana da shugabannin makarantun nan, a kai wa majalisun malamansu shawarar cewa daga zango mai zuwa, ɗalibin digiri na biyu da na uku ba zai karɓi takardar sallama daga laburare ba sai ya miƙa alƙaluman bincikensa tare da kundinsa. Dama ba ya fita sai mun sa masa hannu cewa ba a bin sa bashin littafi, layi ɗaya za a ƙara a fam ɗin.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam,
Wani ma'aikacin ɗakin karatu, daga birnin Kano.