Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai girma Gwamnan jihar Damagaram: gidan namun dajin nan ya gyaru, saura yaranmu su san namun ƙasarsu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni talakanku ne daga nan unguwar Birni, uba mai ƴaƴa. Na san a teburinku akwai maganar ruwa da tsaro da tsadar hatsi, duk sun fi wannan girma, amma dai ku daure ku karanta, don ita ma maganar yara ce.

Gidan namun dajin nan da aka yi wa gyara, mun je da iyali ranar Lahadi, ni da uwargida da yara har da Inna mahaifiyata da muka lallaɓa ta bi mu. Maganar gaskiya an yi aiki, kuma duk wanda ya sa hannu ko ya sa kuɗi Allah ya saka masa. Da can in ka shiga wari ne ke fara tarbarka, wayar kejin ta yi tsatsa, biri na zaune kan siminti tsirara rana na dukansa. Yanzu an faɗaɗa wurin birai an sa masu kututture da igiya suna ta lilo, kada ya samu kwaminsa da ruwa mai kyau, an yi benci a ƙarƙashin bedi inda tsofaffi za su huta, an raba hanyar shiga da ta hita. Autana ya tsuguna gaban wani ƙaton kunkuru yana kallon yadda yake tsinkar ganyen salati a hankali, wuyan nan duk tamoji, sai da na ɗauke shi cak sannan muka wuce. Yaran sun ji daɗi wallahi, ni ma na ji.

To amma ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowane keji an manna masa allo sabo fil, da Faransanci, ƙarƙashinsa kuma wani dogon suna na masana da ko ɗan kwaleji ba zai iya furta shi ba. Babu Hausa ko kalma ɗaya, ba ta boko ba ta ajami. Inna ta tsaya tana kallon allon kamar an ba ta takardar likita, mata da yawa da suka zo daga ƙauye da goyo haka suka yi ta wucewa, su leƙa su ce kai ga kura, su yi gaba. Alhali mafi yawan masu biyan tike a ƙofar nan Hausa suke ji, wasu Barbarci, wasu Fulatanci ko Buzanci. Mene ne wahalar a rubuta kura, a ce ga abin da take ci, ga inda ake samunta, ga shekarun da take yi? Masu rubutun allo suna nan birjik a gari, kwana kaɗan sun gama.

Kuma ba allon kaɗai ba, babu mai bayani. Akwai wani dattijo da ke ba dabbobin abinci, shi na tare da tambaya, sai ga shi ashe rumbu ne, ya san wace ce ba ta ci in an yi sanyi, ya san wane biri ne ke cizo, ya san kukan da gauraka ke yi in ta ji hadari. Mutum irin wannan ai kamata ya yi a ba shi riga da ɗan ƙarin albashi ya riƙa zagayawa da yara, maimakon a bar shi da bokiti kawai.

Ranka ya daɗe, ɗiyata babba ƴar lakwal ce, ta san zakin talabijin, ta san giwa da damisar ƙasashen waje daga talho. Na tambaye ta ina mena, ta ce ai ƴan ƙwallo ne. Ba laihinta ba ne, haka duk tsararta za su ce. Ƙungiyar ƙasa da ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013 sunan wata barewa ta ɗauka, doguwa mai jan wuya, cikinta fari, wadda yau duk duniya waɗanda suka rage a daji ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, kuma wasu daga cikinsu a dutsen Tarmit suke, nan arewa maso gabas da mu. Gandun Tarmit da Tintumma da gwamnati ta kafa a 2012, wanda a lokacin faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita dubu 97, yana cikin manyan gandun daji na Afirka baki ɗaya, wani yankinsa cikin jiharmu yake. Can ne mafakar ƙarshe ta farar dabbar hamadar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adas, wadda a ƙidayar da aka yi a 2016 guda 3 kacal aka gani. Mariri kuwa tuni ya ƙare a dajinmu, sai a Cadi da aka sake sakinsa daga 2016. Yaro ya shiga gidan namun daji a Damagaram ya hito bai ji ko ɗaya daga cikin wannan ba, to me muka nuna masa?

Inna ce ta ba su labari a kan benci, ta ce suna yara a wajen Gure jimina ba abin mamaki ba ce, makiyaya na tsintar ƙwanta su kawo gida, guda ɗaya ya ishi mutanen gida, a huda ƙwanson a rataye. Yaran sun zuba mata ido kamar tatsuniya take yi. Farin 1973 da na 1984 sun ci daji, farauta da mota da bindiga ta ƙarasa sauran, har jimina mai jan wuya ta ɓace daga dajin Nijar. Amma ai tana nan a Kelle, cikin Kutus, inda ake kiwonta a killace don wata rana a mayar da ita daji. Jiharmu ce fa, ba wata ƙasa ba. Mutum nawa ne a kasuwar Dole suka san da wannan wuri?

Ni ba cewa nake a kamo mena a sa a keji ba, Allah ya kiyaye, waɗanda suka rage a bar su inda suke. Ba kuma zaki ko giwa nake roƙo ba, naman da zaki zai ci a sati wa zai saya, ruwan da giwa za ta sha daga ina, a garin da mata ke bin layin bidon tun asuba? Abin da nake roƙo ɗaki guda ne ko ma rumfa, a sa manyan hotuna, a sa taswirar jiha a nuna ga Tarmit ga Kelle, a ajiye ƙwan jimina yaro ya taɓa da hannunsa, a rubuta da Hausa. Ma'aikatan gandun daji suna da hotunan nan, malaman jami'ar André Salifou da ɗalibansu suna nan cikin gari, in kun kira su zama ɗaya za su zo. Sai a ware rana ɗaya a sati ta ƴan lakwal da almajirai, su shiga kyauta ko da ragi tare da malamansu. Ku dubi raƙuman dawa na Kure, a 1996 ba su kai 50 ba, yau sun haura 600 har an ɗebi wasu an kai Gadabeji a 2018, kuma abin bai yiwu ba sai da mutanen ƙauyukan wurin suka san darajarsu suka daina ganinsu a matsayin nama.

Sai abu na biyu da ke damuna, shi ne bazara. Rufin wasu kejin kwano ne, na kura ma haka, kuma kun san watan Afrilu da Mayu a nan zafi na wuce digiri 40. Mun je da sauran sanyi-sanyi amma kurar tana kwance a lungu harshe waje tana haki, kaskon ruwanta saura kaɗan. In pampo ya ɗauke kwana da kwanaki kamar yadda ya saba, kada da kwaminsa fa? A sa zana ko bunu a kan kwanon nan tun yanzu, a tanadi tanki na musamman, a san likitan dabbobin da zai riƙa leƙowa a kan lokaci ba sai wata ta faɗi ba. Mun sha ganin an gyara wuri an yi buki an yanke kirtani, shekara ta zagayo sai ka tarar fenti ya kwaɓe ba wanda ya waiwaya. Kuɗin tike da ake karɓa a ƙofa a san inda suke shiga, a ware na abinci da na ruwa tun kafin a taɓa sauran. Dabbar da aka kulle ba ta iya neman abinci da kanta, haƙƙinta na wuyan wanda ya kulle ta, kuma malamanmu kullum suna ja mana kunne a kan wannan.

Mu ma iyaye da namu. Na ga yara na jifar birai da tsakuwa, wani na tsokanar kura da kara, iyayensu na tsaye suna dariya suna ɗaukar hoto. Na yi wa ɗaya magana, uban ya ce ai dabba ce. A ƙara mai gadi a wajen birai, a kuma yi sanarwa a gidajen rediyo, mu kuma za mu yi ta faɗa a unguwa da masallaci.

Ranka ya daɗe, in kun samu sarari ku je da kanku ba tare da an sanar ba, da azahar, lokacin da rana ta take, ku duba kaskon ruwan kowane keji ku kuma tsaya ku saurari dattijon nan. In aka kafa kwamitin iyaye na wurin, a sa sunana, zan zo.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba mu damina mai albarka.

Naku, wani uba daga Birni, Damagaram.