Sanarwa Kan Karatun Yaran Makoko da Agege

Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna neman waɗanda za su ba da lokacinsu ranar Asabar da Lahadi su koyar da yara karatu da lissafi a Makoko da kuma bayan kasuwar Agege, a Legas. A Makoko sai an shiga kwale-kwale kafin a kai wasu gidajen, kuma yaran da yawa ba su taɓa riƙe fensir ba. A Agege kuwa ƴaƴanmu ne, masu tallar ruwan leda da dakon kaya.

Ba a bukatar takardar shaida, wanda ya iya karatu da haƙuri ya isa. Mata ma muna bukatarku sosai, domin ƴan mata sun fi sakin jiki da ku. Mai littafin rubutu ko alli ya kawo. Mai niyya ya rubuta sunansa a nan kafin Juma'a.